Layi Uku a Kwamfutar Yaya

Ranar da aka raba gadon Yaya, kwamfutarsa ta faɗa cikin kason 'ya'yansa. Ni ƙaninsa ne, kuma tunda ya bar ɗa namiji, ko allura ba ni da ita a dukiyar. Abin da aka ba ni shi ne riƙo. Dattawan gida suka ce in ci gaba da buɗe shagon, in riƙa yin aikin da yake yi na katin aure, kalanda, fastoci da littafin sauka, in cire ladan wahalata, sauran kuma na yara ne. Malamin da ya yi rabon ya dube ni ya ce, "Ka dai san dukiyar marayu ce a hannunka." Na ce na sani. A lokacin na ɗauka maganar kuɗi kawai yake yi.

Kwamfutar laftof ce ta hannu, Yaya ya saye ta a titin Beirut a nan Kano shekaru da dama da suka wuce. Batirinta ya daɗe da gajiya, harafi biyu sun goge a kan madannanta. Amma duk abincin gidansa daga cikinta yake fitowa. Faifan ajiya biyu ne a jikinta. Na farko ƙarami ne mai sauri, irin wanda ake kira SSD, giga 128, a nan Windows take zaune, kuma shi ne na'urar ke kira C. Na biyu kuwa Yaya ne ya sa aka cire wurin saka faifan DVD aka dasa shi, giga 500, irin tsohon nan mai juyawa da ake jin ƙararsa idan dare ya yi shiru. Shi ne D. Babu komai a cikinsa sai karatuttukan malamai da hotunan sunan yara.

Duk manhajojin aiki a C suke. Ba wani dalili ba ne ya sa haka. Idan za ka girka manhaja, ita da kanta take zaɓar C, kai kuma kana ta danna ci gaba har ta gama. Haka Yaya ya yi, haka kusan kowa yake yi. CorelDRAW da yake tsara kati da ita, Photoshop da yake gyara hotuna, da wata ta uku ta haɗa shafukan littafi, dukkansu suna cunkushe a ƙaramin ɗaki, babban ɗaki kuma yana nan fayau.

Wata uku da fara riƙon shagon, layin da ke nuna cikar C ya koma ja. Windows tana yin haka ne idan sararin da ya rage bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Na gani na kau da kai, don aiki yana tafiya. Sai wata makarantar Islamiyya ta kawo mini littafin sauka, ɗalibai sittin da wani abu, kowa da hotonsa da sunan mahaifinsa. Yaya ne yake yi musu kowace shekara. Ta lambarsa ma suka kira, domin wayarsa tana hannun Anti, matarsa, wadda take cikin takaba a lokacin. Duk wanda ya kira neman aiki sai ta amsa gaisuwar rasuwa, sannan ta ce, "Ƙaninsa ne a shagon yanzu, ga lambarsa." Sauka ranar Asabar, ana son littafi a hannu ranar Juma'a.

Daren Talata na zo ajiye aikin da na wuni ina yi, na'urar ta ce babu wuri. Na goge abin da zan iya gogewa, na samu ya shiga da ƙyar. Washegari da safe ta sake cijewa. Aikin hoto yana buƙatar fili, domin manhajar tana shimfiɗa fayilolin wucin gadi a C yayin da kake aiki, kamar tela da ke baza yadi a kan tebur. Ni kuma teburina ya cika.

Shawara mafi sauƙi ita ce in cire manhajojin in sake girka su a D. Ita ce kuma hanyar da ta fi tsafta ga duk wanda yake da hali. Ni ba ni da shi. Ban san inda Yaya ya ajiye fayilolin girkawa ba, ban san lambobin lasisinsa ba. Anti ta zazzage durowarsa da jakarsa, ba ta ga komai ba sai rasiɗai da katin asibiti. Ga kuma saitin da ya yi shekaru yana gyarawa: launukan da suka dace da injin da muke kai bugu, da salon haruffan da suke da ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda in babu su sunan yaro zai fito da akwati a tsakiya. Ban san wanne zai tsira ba idan na cire, wanne zai bi ruwa. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi kaɗai ne, babu na biyunsa a ko'ina.

Tunanina na farko shi ne in yanko foldar manhajar daga C in liƙa ta a D, kamar yadda ake yi wa hoto. Allah ya sa na fara tambayar wani abokin Yaya mai gyaran kwamfuta. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanina, manhaja ba hoto ba ce. In ka ɗauke ta daga inda aka san ta, ta ɓata kenan." Ya yi mini bayani cewa lokacin da ake girka manhaja, ana rubuta adireshinta a wurare da yawa. Akwai wani babban kundi na Windows da ake kira rajista, a nan aka rubuta cewa idan an danna fayil iri kaza, a je C, a shiga Program Files, a buɗe abu kaza. Alamomin da ke kan fuskar kwamfuta ma adireshin suke riƙe da shi, haka mai sabunta manhajar, haka mai cire ta. Duk waɗannan ba za su san ka yi ƙaura ba. Za su je tsohon gida su buga ƙofa su tarar ba kowa.

Na ce to mece ce mafita? Ya ce a bar mai nuna hanya a tsohuwar ƙofa. Akwai wani abu a tsarin ajiyar Windows mai suna NTFS, tun zamanin Windows 2000 yake, za a iya kiransa mahaɗa. Kana kwashe kayan zuwa D, sannan ka kafa mahaɗa a C mai ɗauke da ainihin sunan tsohuwar foldar. Duk wanda ya zo neman foldar zai shiga ta nan ya tsinci kansa a D ba tare da ya san ya tsallaka ba. Ya bambanta da gajeriyar hanyar da muke gani a kan fuskar kwamfuta mai ɗan kibiya, domin waccan ɗan fayil ne kawai da mutum ke dannawa, yawancin manhajoji ba sa bin ta. Mahaɗa kuwa a ƙasan tsarin take, manhajar ba ta ma san da ita ba. Umarnin kafa ta shi ne mklink, wanda ya zo tare da Windows tun daga Vista. Na kwashe kaya kuma shi ne robocopy, domin yana ɗauko fayiloli da izininsu da kwanan watansu yadda suke.

Ina sauraronsa ina tunanin Anti da wayar Yaya. Aikin da take yi kenan tun ranar da ya rasu.

Ya rubuta mini sunayen umarnin a bayan wani rasiɗi, ya ce in kawo masa kwamfutar ranar Litinin ya yi mini a tsanake. Ni kuma Juma'a ce a gabana. Gaskiyar magana kuma, akwai girman kai a ciki. Wata uku ina jin mutane suna cewa "da Yayanka ne da tuni ya gama." Ina so in yi abu ɗaya da hannuna wanda ko shi bai taɓa yi ba.

Daren Laraba bayan isha'i na zauna a shago. Manhajoji uku zan kwashe, kowacce da dogon adireshi, kuma na san hannuna da kuskuren rubutu. Sai na ga ya fi in jera umarnin a cikin takarda ɗaya a Notepad, in ajiye ta da sunan da ya ƙare da .bat, in danna sau ɗaya ta yi komai bi da bi. Idan ta yi wa ta farko, sai in sauya suna ta yi wa sauran. Ga abin da na rubuta:

robocopy "C:\Program Files\Corel" "D:\Manhajoji\Corel" /E /COPYALL
rmdir /S /Q "C:\Program Files\Corel"
mklink /J "C:\Program Files\Corel" "D:\Manhajoji\Corel"

Layi na farko ya ce a kwafe komai, har da foldojin da ke ciki. Na biyu ya ce a goge tsohuwar foldar da duk abin da ke cikinta, kada a tambaye ni. Na uku ya ce a kafa mahaɗa. Na karanta sau biyu, na ga babu kuskure ko ɗaya, har alamomin zance na sa a gefen adireshin saboda tazarar da ke tsakanin Program da Files. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

'Yar Yaya ta fari, mai shekara goma, tana zaune a kan benci tana aikin gida, domin a shagon ne kawai muke da fitila mai caji mai haske sosai. Na buɗe takardar da ikon mai gudanar da na'ura, baƙin allo ya bayyana, sunayen fayiloli suka fara gudu sama kamar ruwa. Na jingina da kujera.

Bayan kamar minti biyu gudun ya tsaya. Wani layi ya fito da kuskure mai lamba 32, yana cewa wani aiki dabam yana riƙe da fayil ɗin. A ƙasansa aka rubuta cewa ana jiran daƙiƙa 30. Daƙiƙa talatin suka cika, ya sake gwadawa, ya sake kasawa, ya sake jira. Na zuba ido har sau goma. Ashe na rufe manhajar a fuska, amma wani ɗan ɓangarenta yana aiki a ɓoye, ya kuma kama fayil ɗaya ya ƙi saki. Daga baya na gano cewa idan ba ka faɗa wa robocopy iyaka ba, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Na buga lissafin a waya, ya ba ni kwana 347. Da na tafi na bar shi, da sai sauka ta gaba ta kusa zagayowa yana nan a kan fayil ɗaya.

A daren ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ƙarfe tara ta wuce, kuma kowane lokaci ana iya ɗauke wuta. Na danna Ctrl da C don in katse jiran. Allon ya yi mini tambaya da Turanci, ko in tsayar da aikin takardar gaba ɗaya, in zaɓi Y ko N. A raina na ce a'a mana, ba na son a tsaya, so nake a tsallake wannan fayil ɗin a ci gaba da kwafar sauran. Yatsana yana kan N.

Ban lura yarinyar ta taso ta tsaya a bayana ba. Ta ce, "Baffa, in ka ce a'a me zai yi?"

Na ce, "Zai ci gaba."

Ta ce, "Da me?"

Na buɗe baki zan ce da kwafa, sai na kasa. Na janye hannuna, na koma Notepad na dubi abin da na rubuta. Ctrl da C sun riga sun kashe layi na farko, kwafar ta mutu a tsakiya. Idan na ce a ci gaba, ba kwafa za a koma ba, layi na biyu za a shiga. Layi na biyu kuwa shi ne a goge komai kada a tambaye ni. Na leƙa D na ga ko rabin kayan ba su iso ba. Abin da rmdir ya goge ba ya zuwa kwandon shara inda za ka je ka tsinto, kuma a faifan SSD dawo da abin da aka goge yana da wuyar gaske. Da na danna N, da cikin 'yan daƙiƙu an share abin da bai tsallaka ba, sannan layi na uku ya zo ya kafa mahaɗa zuwa gidan da babu rabin kayansa, ko ma ya kasa kafawa. Ko ta yaya dai, manhajar da ke ciyar da yara huɗu ta tafi.

Na danna Y. Hannuna yana rawa. Ta ce, "Baffa, ya lalace ne?" Na ce bai lalace ba, je ki ƙarasa lissafinki. Na fita waje na tsaya a bakin titi na ɗan lokaci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu kuskure a cikin layukan nan uku. Kowanne daidai yake, kowanne zai yi abin da aka ce ya yi. Kuskuren yana tsakaninsu, a wurin da ban rubuta komai ba. Da da hannu nake yi, ina gama kwafa zan duba in ga ko kaya sun isa kafin in goge, ba sai wani ya ce in duba ba. Takardar umarni ba ta da wannan hankalin. Idan ba ka rubuta mata ta duba ba, ba za ta duba ba. Na ba ta ikon gogewa, ban ba ta dalilin tsayawa ba. Hausawa suna gargaɗin kada a saki reshe a kama ganye, ni kuwa na rubuta umarnin sakin reshe ba tare da na tabbatar akwai abin kamawa ba.

Na dawo na kira abokin Yaya, duk da dare ya yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in sake kunna kwamfutar, in buɗe Task Manager in kashe duk abin da ke ɗauke da sunan manhajar. Sannan muka sake rubuta takardar tare, yana faɗa ina bugawa. A ƙarshen layin kwafa muka ƙara /R:2 da /W:5, wato a gwada sau biyu kawai, a jira daƙiƙa biyar. A ƙasansa muka sa layin da ya kamata tun farko ya kasance a wurin:

if errorlevel 8 goto tsaya

Ya bayyana mini cewa idan robocopy ya gama yana barin lamba. Daga sifili zuwa 7 babu fayil ɗin da ya gagara, 8 zuwa sama kuwa akwai abin da bai kwafu ba. Layin yana nufin idan lambar ta kai 8, a tsallake komai a tafi ƙarshen takarda, inda muka rubuta :tsaya da umarnin pause don allon ya dakata in karanta. Sai babban gyaran: muka cire gogewa gaba ɗaya. A madadinta muka sa a sauya wa tsohuwar foldar suna kawai.

ren "C:\Program Files\Corel" Corel.tsoho

Da haka sunan asali ya zama babu mai shi, mahaɗa za ta iya ɗauka, tsofaffin kaya kuma suna nan ba a taɓa su ba. Idan abu ya ƙi, sai a cire mahaɗar da rmdir shi kaɗai, wanda ke cire alamar ya bar kayan D, a mayar wa tsohuwar foldar sunanta, a koma kamar ba a yi komai ba. Na ce ai haka ba zan samu filin da nake nema a C ba. Ya ce, "Za ka samu, amma ba yau ba. Na yau nemo shi a wani wuri." Ya nuna mini yadda ake mayar da foldar Downloads da ta Desktop zuwa D ta hanyar da Windows kanta ta tanada, a cikin Properties, shafin Location. A nan na tarar da tulin ayyukan shekaru da Yaya ya bari. Su kaɗai suka ba ni filin da ya ishe ni gama littafin. Wato abin da na kusa halaka manhaja saboda shi yana da hanya mai sauƙi da ban duba ba.

Kwafar ta tafi lafiya a karo na biyu. Na gwada adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, suka zo daidai. Na danna alamar CorelDRAW ina riƙe da numfashi. Ta buɗe, launukan Yaya suna nan, haruffansa masu lanƙwasa suna nan. Ta ɗan fi jinkirin tashi, domin faifan D bai kai C sauri ba, wannan shi ne farashin ƙaurar. Kafin mu ajiye waya ya ƙara mini gargaɗi uku: kada in taɓa kwashe foldar Windows ko Program Files dukkanta, sai dai manhaja ɗaya ɗaya, kada in bari harafin D ya sauya, domin mahaɗa harafin take bi, kuma duk lokacin da manhajar za ta sabunta kanta in sa ido, don ba kowace sabuntawa ce ke jituwa da mahaɗa ba.

Littafin sauka ya fita ranar Juma'a da hantsi. Shugaban makarantar ya juya shafukan ya ce kamar hannun marigayi. Ban gaya masa komai ba.

Na bar foldojin tsoho guda uku har kwana goma ina aiki, ina jiran wani abu ya ɓaci. Babu abin da ya ɓaci. Kafin in goge su na sayi filashi da kuɗina, na kwafe su a ciki tare da ayyukan Yaya, na kai wa Anti na ce ta ajiye tare da takardun gida. Ta tambaye ni mene ne a ciki, na ce shagon ne. A makon ne ta fita takaba, ana ta shawarar ko za ta koma gidansu ko za ta zauna da yara. Wasu suna son a yanke magana da wuri, a kwashe kayan ɗakin Yaya a ba da haya. Da aka tambaye ni, ni da ba a saba jin bakina a irin wannan zama ba, na ce a bar ɗakin yadda yake har sai an ga inda ita da yaran suka zauna da ƙafafunsu. Hajiyarmu ta dube ni ta ce haka za a yi.

Ranar da zan goge foldojin na kira yarinyar ta zo ta tsaya kusa da ni. Na nuna mata sunayen, na ce ta karanta da ƙarfi, ta tabbatar kowanne yana ƙarewa da tsoho. Ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Na goge da hannu, ba da takarda ba. Layin C ya koma shuɗi. Ta ce, "Shi kenan?" Na ce shi kenan, sannan na tura mata kujerar Yaya na ce ta zauna in nuna mata yadda ake tsara katin suna.